Kamfanin kai sammacin da muke ba aiki, da maganar dala 10 ta Tumwater

Idan wanda kake ƙara mutum ne mai gida da adireshi a cikin jihar Washington, miƙa wa kamfanin nan takardunka ka je ka yi barcinka. Idan kuwa dillalin inshora ne da ke zaune a wata jiha, ko kamfanin inshorar da aka kafa a wata jiha yake ciniki a nan, to kada ka miƙa ka juya baya. Gaya musu ƙofar da za su ƙwanƙwasa, ka rubuta musu ita da manyan baƙaƙe, sannan ka bi sawu. Ƙafa suna da ita, riƙon amana ma suna da shi. Sanin dokar inshora ne babu, kuma rashin sanin nasu a aljihunka yake ƙarewa.

Ni mataimakin lauya ne a wani ƙaramin ofishi da ke kudu da Seattle, wato jihar Washington ta arewa maso yammacin Amurka, ba babban birnin ƙasar ba. Yawancin masu zuwa wurinmu direbobin manyan motoci ne, da masu ƙananan shaguna, da masu gidajen kula da tsofaffi, kuma rabin rigimarsu da inshora ce. Uwar ɗakina ce ke tsayawa gaban alƙali, ni kuma takardu da lissafin wa'adi ne a wuyana. Ban kama sunan kamfanin ba, domin har gobe muna aiki tare, kuma halin da zan faɗa ba su kaɗai ke da shi ba.

A nan kotu ba ta tura masinja ya kai maka sammaci. Nauyin yana kan mai ƙara, amma shi da kansa doka ta hana shi kaiwa. Sai dai ya sami wani wanda ya haura shekara 18 kuma ba ya cikin shari'ar, ko ya biya ofishin sherif, wato jami'in tsaro na gunduma, ko ya ɗauki irin waɗannan kamfanoni. Mai yin aikin don kuɗi dole ya yi rajista a ofishin odita na gunduma, kuma lambar rajistar tasa tana fitowa a kan kowace takardar shaida da ya sa wa hannu.

Wannan takardar shaidar ita ce hajar da kake saye, ba zirga-zirgar ba, kuma a nan ne kamfanin ya ciri tuta. Takardarsu ba ta zuwa da "an kai" kawai. Za ka ga rana, da ƙarfe nawa har da minti, da cikakken adireshi, da sunan wanda ya karɓa, da abin da ya ce shi ne a gidan ko a ofishin, da kamanninsa idan ya ƙi faɗin suna. Kowace takarda da ke cikin ambulan an jera ta da sunanta. A shafinsu na intanet akwai hoton ƙofar gidan da alamar wurin a taswira. Idan sun je ba su sami kowa ba, shi ma suna rubutawa, ba sa ɓoyewa. Na taɓa ganin lauyan wani da muka yi ƙara ya tashi da ƙarfinsa wai ba a taɓa kai wa mutuminsa komai ba. Da aka ajiye masa hoton motar mutumin a ƙofar gida da bayanin rigar da ke jikinsa a ranar, sai ya janye maganar tun kafin a shiga gaban alƙali. Wanda ya taɓa aiki da masu kai sammacin da ke cike takarda daga cikin mota ya san darajar wannan.

Sauri ma ba laifi. Abin da ya sa saurin ke da muhimmanci shi ne dokar jihar ta ce idan ka shigar da ƙara, kana da kwana 90 ka isar da sammaci kafin a lissafa maka ranar shigarwar a matsayin ranar da ka tsayar da agogon wa'adin da doka ta ba ka na shigar da ƙara. Ƙarar sakaci shekara 3 ce wa'adinta, ta rubutacciyar yarjejeniya shekara 6. Idan mutum ya zo mana a ƙurarren lokaci, kuma yawancinsu haka suke zuwa, kuskure ɗaya a wajen kai sammaci ya isa ya kashe ƙarar da take da gaskiya tsantsa.

Haka wani dattijo direban tirela ya zo mana. Tirelarsa mai firji ce, tuffa yake ɗauka daga yankin Yakima da ke cikin jihar nan zuwa bakin teku. Ya sayi inshora ta waya daga wani dillali da ke zaune a jihar Arizona, wanda bai taɓa gani ido da ido ba. A saƙonnin wayarsa ga shi nan ƙarara ya ce yana son inshorar ta haɗa da asarar kaya idan injin sanyaya ya mutu, dillalin kuma ya amsa masa cewa an gama. Ya yi ta biya wata-wata. Ranar da injin ya mutu a hanya kaya suka lalace, kamfanin inshora ya buɗe masa yarjejeniyar ya nuna masa babu wannan sharaɗin a ciki. Kamfanin bai yi ƙarya ba, dillalin ne bai sa ba. Dattijon ya ɓata lokaci mai tsawo yana kiran lambar da ba a ɗauka, har wa'adi ya kusa cika.

"Malam, yanzu sai na bi shi har Arizona ke nan?" Tambayar da ya fara yi mini ke nan. "Ni ko garin ban sani ba."

Na ce masa, "A'a Alhaji, ko gadar Kogin Columbia da ke kan iyakar jihar nan ta kudu ba za mu tsallaka ba."

Dalili kuwa shi ne yadda aka gina harkar inshora a ƙasar nan. Ba gwamnatin tarayya ke riƙe da ita ba, jihohi ne, kuma dokar McCarran-Ferguson ta 1945 ce ta tabbatar musu da wannan iko. Kowace jiha da kwamishinanta da lasisinta. Bayan dokar Gramm-Leach-Bliley ta 1999 ta matsa wa jihohi su riƙa amincewa da lasisin juna, sai ya zama mai lasisi a jiharsa yana iya neman lasisin baƙo a wasu jihohin ba tare da ya sake zama jarrabawa ba. Shi ya sa mutum ɗaya a ɗaki ɗaya a Arizona zai iya sayar wa direban Yakima inshora da safe, ya sayar wa na Ohio da rana. Amma lasisin ba kyauta ba ne. Sashe na 48.17.173 na kundin dokokin Washington ya ce duk baƙon da ya nemi lasisi aka ba shi, to ya naɗa kwamishinan inshora na jihar ya zama wakilinsa na karɓar sammaci a kan duk ƙarar da ta taso a cikin jihar. An kai wa kwamishina, an kai masa ke nan. Kamar baƙon falke ne da ya sauka a gidan fatoma: in ya ci maka kuɗi ba sai ka bi shi garinsu ba, mai masaukinsa za ka je wa. Naɗin kuma ba ya warwaruwa muddin akwai yiwuwar wata ƙara daga cinikin da ya yi a jihar, don haka barin lasisi ya mutu ba mafita ba ce.

Yadda ake yi yana cikin sashe na 48.02.200, kuma gajere ne. A kai takardun ofishin kwamishina ta hannun wanda ya cancanci kai sammaci, ko a aika ta wasiƙa mai rajista. A biya dala 10, wadda za a iya lissafa ta cikin kuɗin shari'a daga baya. Ofishin ya rubuta rana da sa'ar da aka kawo, ya tura wa wanda ake ƙara kwafi ta hanyar da za a iya tabbatar da isarsa. Wanda ake ƙara yana da kwana 40 daga ranar da aka miƙa wa kwamishina kafin a tilasta masa amsawa. Ofishin yana Tumwater, dab da Olympia babban birnin jihar, tafiyar awa guda da 'yan kai daga Seattle a kan babbar hanyar I-5 in cunkoso ya yi maka sassauci. Kujerar kwamishina ta zaɓe ce. Mike Kreidler ya riƙe ta daga 2001, Patty Kuderer ta gaje shi a Janairun 2025, amma ko wane ne a kai, ba shi za ka gani ba, ma'aikata ne ke karɓa su buga hatimi.

Yanzu ga abin da kamfanin namu ya yi. Fom ɗin da ake cike musu a intanet yana tambayar suna da adireshin wanda ake ƙara, sai ka zaɓi ko mutum ne ko kamfani. Babu gurbin da ke tambayar ko akwai wakilin da doka ta naɗa. Na rubuta a akwatin ƙarin bayani cewa a Tumwater za a kai. Kwamfutarsu ta hango Arizona a layin adireshi, sai ta jefa aikin cikin jerin na wajen jiha, kuma babu wanda ya karanta akwatin. Kafin la'asar an turo mini lissafi: kuɗin binciko adireshi, kuɗin miƙa aiki ga abokan hulɗarsu na can, kuɗin gaggawa, da gargaɗin cewa in an je wasu 'yan lokuta ba a same shi ba za a ƙara. Jimillar ta kai ɗaruruwan daloli, kuma sau biyu, domin muna ƙarar dillalin da kuma kamfanin dillancin da yake aiki a ƙarƙashinsa.

Na kira matar da ke rarraba aiki. Mace ce mai haƙuri da ladabi, ba ta taɓa ɗaga mini murya ba, amma ta kafe a kan cewa mutum sai an damƙa masa a hannu, ko a bar wa wani baligi a gidansa. Kamfani ne kawai ake kai wa ta wakili, in ji ta. Ta ce ta shekara da shekaru a aikin. Na yarda da ita, kuma ga yawancin ƙararraki maganarta daidai ce. Sai da na karanta mata sashen ta waya, ta ce bari ta tambayi manaja, sannan aka soke lissafin.

Da tsada ce kawai matsalar, da ban tsawaita ba. Bin mutumin Arizona ya fi tsada, kuma ya fi haɗari. Wanda aka kai wa sammaci hannu da hannu a cikin jihar kwana 20 gare shi ya amsa, wanda aka bi ta kwamishina kwana 40, wanda aka kai wa a wajen jiha kwana 60. Wannan ƙarami ne. Babbar ita ce dokar da ta ba kotunan Washington hurumi a kan na waje, sashe na 4.28.185, ta ce sammacin da aka kai a wajen jiha ba ya inganta sai an shigar da takardar rantsuwa cewa ba za a iya isar da shi a cikin jihar ba. Uwar ɗakina ta yi tambayar da ta rufe bakin kowa: da wane baki za ka rantse da haka, alhali ga ofis a Tumwater da doka ta ce shi ne wakilin mutumin? Ko alƙali zai kawar da kai, lauyan ɗaya ɓangaren ba zai kawar ba, kuma ka ba shi abin ja na watanni. Sannan wannan sashen dai ya ce idan an kai wa mutum sammaci a wajen jiha kuma ya yi nasara a shari'ar, kotu tana iya ɗora wa mai ƙara kuɗin lauyansa. Direban da asarar tuffa ta riga ta durƙusar da shi, a ce kuma an jawo masa wannan kasadar saboda kwamfuta ta ga sunan wata jiha.

Imanin nan na cewa sai an damƙa a hannu tsohon abu ne, kuma a harkar inshora an daɗe da wuce shi. Uwar ɗakina tana ba duk sabon ma'aikaci labarin Lulu McGee. A 1944 ɗanta Lowell Franklin, mazaunin Kalifoniya, ya sayi inshorar rai daga wani kamfanin Arizona. A 1948 kamfanin International Life na Texas ya gaji yarjejeniyar, ya aiko masa takarda ta gidan waya, shi kuma ya ci gaba da aika kuɗi ta gidan waya har ya rasu a 1950. Kamfanin ya ƙi biyan uwar, wai ɗan nata kashe kansa ya yi. Ta kai ƙara a Kalifoniya, aka aika wa kamfanin sammaci Texas ta wasiƙa mai rajista, ta yi nasara. Da ta je Texas karɓar haƙƙinta, kotunan can suka ce hukuncin banza ne, domin kamfanin ba shi da ofis ko wakili a Kalifoniya, kuma in ban da wannan yarjejeniya guda ɗaya babu shaidar ya taɓa yin wani ciniki a can. A 1957 Kotun Ƙoli ta Amurka ta ce wannan ɗayar ta isa. Mai shari'a Hugo Black ya kafa hujja da cewa in aka ce sai masu ƙaramin haƙƙi sun bi kamfani jiha mai nisa, da yawansu ba za su iya ba, kamfanin kuwa ya tsira ke nan. Tushen wannan hukunci ma daga jihar nan ya fito, shari'ar International Shoe da Washington ta 1945, kan wani kamfanin takalma na St. Louis da ke da 'yan tallarsa a nan. Ba na tsammanin mai kai sammaci ya haddace waɗannan. Amma kamfanin da ke karɓar aiki daga ofisoshin lauyoyi kullum, ofishin kwamishina kuma yana kan hanyar da motocinsu ke bi zuwa kotunan Olympia, ya kamata a ce fom ɗinsa ya san da zamansa.

Da aka daidaita, aikin ya tafi sumul. Na haɗa kwafi biyu-biyu na sammaci da takardar ƙara ga kowane wanda ake ƙara, da cak na dala 10 ga kowanne, da takardar da ke bayyana cikakken suna da lambar lasisi. Yaronsu ya kai washegari da safe, kafin azahar takardar shaida ta iso da sunan ma'aikacin da ya karɓa da hoton hatimin. Dillalin da ya yi shekaru ba ya ɗaukar waya, lauyansa ya kira mu tun kwana 40 ba su cika ba.

Wancan kuskuren kuɗi ya so ya ci. Akwai wanda ya fi shi muni, ya so ya ci ƙara sukutum. Muna ƙarar wani kamfanin inshora da aka kafa a wata jiha, mai lasisin ciniki a Washington, kuma yana da katafaren ofishin biyan diyya a nan kusa, da sunansa ɓaro-ɓaro a jikin gini. Na rubuta Tumwater. Wani sabon yaronsu ya ga ofishin yana kan hanyarsa, ya shiga, ya miƙa wa mai karɓar baƙi, ita kuma ta karɓa da murmushi ta sa hannu. Takardar shaida ta zo tsaf, komai a rubuce, sai dai ba ta da amfanin ko sisi. Ga irin wannan kamfani, sashe na 48.05.200 bai bar zaɓi ba: ta hannun kwamishina kaɗai ake kai masa sammaci, in ban da wata 'yar togaciya kan takardun lamunin 'yan kwangila. Ga dillali baƙo hanyar kwamishina dama ce da aka ba ka, ga kamfani baƙo kuwa ita ce kaɗai hanya. Abin da ke rikita yaran shi ne kamfanin inshorar da aka kafa a cikin jihar dokarsa daban ce, ana iya miƙa wa wakilinsa mai izinin sayar da inshora. Daga bakin titi kuwa gine-ginen duk iri ɗaya ne. Kamfanin da aka kai wa ba daidai ba ba zai kira ka ya ce ka gyara ba. Zai sa lauyansa ya ajiye ƙorafin a cikin amsarsa, ya jira wa'adi ya cika, sannan ya nemi a kori ƙarar. Gaskiyar takardar tasu ce ta cece mu, domin adireshin da aka rubuta a kai ne ya tona abin a ranar da ta iso. Sun sake kaiwa ba su caje mu ba, manajan kuma ya kira ya ba da haƙuri da bakinsa. Na ba su wannan.

Akwai aikin da ba sa yi, kuma ban ga laifinsu sosai ba, amma mai ba su aiki ya sani. Ba sa tantance suna. Sunan da ke jikin allon talla sau da yawa ba shi ne kamfanin da ya ɗauki nauyin inshorarka ba. Rukuni ɗaya yana iya ƙunsar kamfanoni da dama masu sunaye kusan iri ɗaya, kowanne da lambarsa mai alƙaluma 5 ta ƙungiyar kwamishinonin inshora ta ƙasa, NAIC. Sunan gaskiya yana shafin farko na yarjejeniyar. Dillali kuma yana da lambarsa ta ƙasa da ake kira NPN, wadda ke bin sa duk jihar da ya je. Shafin intanet na ofishin kwamishina yana da wurin bincike kyauta, inda za ka ga ko mutum yana da lasisi, na ɗan gida ne ko na baƙo, da kamfanonin da yake wakilta. Minti kaɗan ne aikin. Duk sunan da ka ba kamfanin kai sammaci shi za su kai, ko da babu mai wannan sunan a duniya.

Kada kuma a ɗauka hanyar Tumwater ta gama komai. Ofishin yana tura kwafi ne zuwa inda mai lasisin ya ce a same shi. Doka ta ba shi kwana 30 ya sanar in ya canza adireshi, amma irin dillalin da ke cin kuɗin mutane ya ɓace ba shi ne mai cike fom ɗin canjin adireshi ba. Tun 1928, a shari'ar Wuchter da Pizzutti, Kotun Ƙoli ta rushe wata dokar New Jersey da ta yarda a kai wa jami'in gwamnati sammacin direba baƙo ba tare da ta wajabta sanar da direban ba. Wato ruhin abin shi ne labari ya isa ga mai shi. Shi ya sa idan muna hangen za a yanke hukunci a bayan idon mutum, uwar ɗakina takan sa a binciko inda yake yanzu a aika masa ƙarin kwafi, don kada ya dawo bayan shekara ya ce bai sani ba a warware hukuncin. A nan sashen bincikensu yana da amfani, kuma kuɗinsa halal ne.

Inda suka fi burge ni shi ne wani da ya sayar wa mai gidan kula da tsofaffi takardar inshorar bogi. Da muka duba, bai taɓa riƙe lasisin Washington ba, na gida ko na baƙo. Wanda bai nemi lasisi ba bai naɗa kowa ta wannan sashen ba, don haka dole aka koma ga ƙafa. Sun bi shi daga akwatin gidan waya zuwa wani ofishin haya da ya bari, daga nan zuwa gidan surukarsa a wata jiha, suka tare shi yana fitowa da shara da sassafe. Sun kuma ba mu cikakken tarihin neman da suka yi masa a cikin Washington, wanda da shi muka gina takardar rantsuwar nan da doka ke nema. Takardar shaidar abokin hulɗar nasu na can ba ta kai tasu tsabta ba, sai da aka mayar aka gyara kwanan wata, amma aikin ya yi.

Wani zai ce tunda doka ta yarda da wasiƙa mai rajista, me ya kai mutum biyan kamfani kuɗin da ya kusa dala 100 don tafiyar da gidan waya zai yi da kuɗi kaɗan? Tambaya ce mai kyau, kuma idan akwai sarari mu ma gidan waya muke bi. Amma wasiƙa mai rajista tafiyar hawainiya take yi, domin duk hannun da ta shiga sai an sa hannu, kuma agogo ba ya fara lissafi sai ta isa. Idan kwana 90 ɗin nan sun ja baya, ko wa'adin shekara 3 yana numfashi a ƙeyarka, gara ka biya a kai yau a buga hatimi yau. Wanda ke tsaya wa kansa ba lauya kuma, kada ya ɗauki ambulan ya tuƙa zuwa Tumwater da kansa yana ganin ya yi tsimi, domin mai ƙara ba ya cikin waɗanda suka cancanci kai sammaci.

Ambulan iri uku ke zuwa wannan ofishi, mutane kuma suna cakuɗa su. Akwai koken da mai inshora ke shigarwa kyauta don ofishin ya tuntuɓi kamfani a madadinsa, wanda yana da amfani amma ba ƙara ba ne kuma ba ya tsayar da wa'adi. Akwai sanarwar kwana 20 da dokar 2007 ta adalci a harkar inshora ta wajabta wa mai son ƙarar kamfaninsa a ƙarƙashinta, wadda ake aika wa kamfanin da kuma kwamishina kafin a shigar da ƙara. Sai kuma sammaci. Dattijon nan mai tirela ya shigar da koke tun da farko, ya zauna yana ganin ya kai ƙara. Kamfanin namu ba ya bambance ukun, duk abin da ka ba shi "takardu" ne, don haka a bayan kowane ambulan nake rubuta ko wane iri ne.

Lissafin kuɗinsu yana bukatar tabarau. Idan suka biya maka dala 10 ta ofishin daga aljihunsu, sai su ɗora ladan bashi a kai, har kuɗin ya kusa ninkawa. Tun da na gano haka nake haɗa cak ɗinmu da kaina. Suna kuma cajin kowane wanda ake ƙara daban ko da ambulan biyun teburi ɗaya za a ajiye su, kodayake in ka yi magana sukan rage na biyun. Waya ana ɗauka da safe, bayan azahar sai dai ka bar saƙo.

Da lokacin sabunta yarjejeniya ya zo, uwar ɗakina ta sa sharaɗi cewa ba za a tura wani aikinmu wajen jiha ba sai an kira ni ta waya na amince, kuma duk aikin da sunan wanda ake ƙara ke da alaƙa da inshora, mutum ne zai duba shi kafin a ba yaro. Sun sa hannu a kan duka biyun. Ladan bashin dala 10 ne suka ƙi cirewa, wai tsarin kwamfutarsu ne, kuma gurbin da na roƙa a ƙara a fom sun ce yana cikin jerin gyare-gyaren da za a yi.